Mayun sauti: Taƙaddamar kunne da na'urar awo

Fiye da shekaru sittin ke nan ana tafka muhawara a Amurka da Turai da Japan a kan kayan sauraren kiɗa na cikin gida: waɗanne ne suka fi fitar da sauti mai kyau, kuma wa ke da hurumin yanke hukunci, kunnen mai sauraro ko kuwa na'urar awo ta injiniya.

Masu wannan muhawara su ne waɗanda za a iya kira mayun sauti, mutanen da burinsu shi ne su zauna a falonsu su ji waƙa tamkar mawaƙin na tsaye a gabansu. Ba ƙaramin kuɗi suke kashewa ba. A shekarar 2017 kamfanin Wilson Audio na Amurka ya fitar da wasu lasifiku guda biyu da farashinsu ya haura dala dubu 600. A 2016 kuma jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin wasu 'yan Japan da suka biya aka kafa musu turakun wutar lantarki na kansu, domin a ganinsu firji da kwamfutocin maƙwabta na gurɓata wutar da ke shiga na'urorinsu.

Kayan da ake jayayya a kansu kashi huɗu ne. Akwai abin da ke karanta sautin, wato garmaho ko na'urar CD ko kwamfuta. Akwai amfilifaya mai ƙara wa sautin ƙarfi, da lasifika mai mayar da lantarki ya zama ƙara, sai kuma wayoyin da ke haɗa su.

Tun zamanin Edison

Thomas Edison ne ya ƙirƙiro na'urar farko mai naɗar sauti ta kuma maimaita shi, a 1877. Daga 1915 kamfaninsa ya shiga shirya taruka a manyan zauruka, inda mawaƙiya za ta tsaya kusa da garmaho tana rerawa tare da faifanta. Can sai a kashe fitilu, ta sulale, garmahon ya ci gaba shi kaɗai. Idan aka kunna fitilu jama'a kan cika da mamaki, domin ba su ankara da lokacin da ta daina ba.

An yi dubban irin waɗannan taruka, ciki har da na zauren Carnegie Hall da ke New York a 1920. Duk wanda ya saurari faifan wancan zamani a yau zai ji shi a shaƙe, ga ƙarar allura, babu kauri babu tsini. Ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta bayyana daga baya cewa takan daidaita muryarta ta yi kama da ta na'urar. Abin lura shi ne tun a wancan lokaci abin da aka faɗa wa mai sauraro cewa zai ji yana da tasiri a kan abin da yake ji.

Ɓangarori biyu

Bayan fitowar faifan LP a 1948 da kuma sitiriyo mai lasifika biyu a ƙarshen shekarun 1950, kayan sauti sun zama babbar kasuwa. Mujallu irin su Stereo Review kan auna kowace na'ura a ɗakin gwaji su buga alkaluma: nawa take jirkita sauti, nawa take ƙara masa hayaniya, wane ƙarfi take bayarwa.

A 1962 wani marubuci mai suna J. Gordon Holt ya kafa mujallar Stereophile bisa hujjar cewa alkaluman ba sa gaya wa mai saye yadda na'ura ke sauka a kunne, don haka sai a zauna a saurare ta. A 1973 Harry Pearson ya bi sahu da mujallar The Absolute Sound. Daga nan harshen bayanin sauti ya sauya, aka shiga cewa wannan amfilifaya tana da ɗumi, waccan busasshiya ce, wannan kuma tana buɗe fage har mutum ya iya nuna inda kowane makaɗi ke zaune.

Masu bin kunne suna da hujja mai ƙarfi a farkon lamarin. Amfilifayoyin transisto na shekarun 1960 suna da alkaluma masu kyau a takarda, amma da yawansu na da kaifi marar daɗi. Daga baya aka gano nau'o'in jirkicewar sauti da gwajin wancan lokaci ba ya kamawa, kuma injiniyan ƙasar Finland Matti Otala ya yi bayanin ɗaya daga cikinsu a 1970. Kunne ya riga na'ura gano matsalar. Sai dai kuma da aka gano ta, an auna ta, an gyara.

Gwajin rufe ido

Masu bin awo sun ce hanya guda ce ta raba gardama: a ɓoye wa mai sauraro na'urar da ke aiki. A 1982 David Clark ya wallafa bayanin tsarin da ake kira ABX. Ana kunna maka na'urar A, a kunna B, sannan a kunna X, wadda ɗaya ce daga cikin biyun, kai kuma ka faɗi wacce ce. Shi kansa mai gudanar da gwajin bai san amsar ba. Ana maimaitawa sau da dama, domin ko mai cinke zai dace a rabin lokutan.

Sharaɗin da ya fi muhimmanci shi ne a daidaita ƙarar na'urorin biyu daidai wa daida. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti mai kauri da mai tsini sosai idan ƙara ta yi ƙasa, kamar yadda Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a 1933. Saboda haka idan ɗaya na'urar ta ɗara 'yar uwarta ƙara ko da kaɗan ne, mai sauraro ba zai ce ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi cika, ta fi armashi. Masu shagunan sayar da kayan sauti sun daɗe da sanin wannan.

A watan Janairun 1987 Stereo Review ta buga sakamakon irin wannan gwaji a kan amfilifayoyi, tun daga wata ta kamfanin Pioneer mai dala 220 zuwa wasu masu bawul na dala 12,000. Da ido buɗe masu sauraro sun yi ta bayyana bambance-bambance. Da aka ɓoye sunayen, gaba ɗaya sakamakon bai wuce na cinke ba.

Ɗaya ɓangaren bai amince ba. A cewarsu gwajin na jefa mutum cikin fargabar jarrabawa, sauyawa daga wannan zuwa waccan cikin gaggawa na rikita kunne, kuma halin na'ura ba ya bayyana sai an zauna da ita makonni. Masu gwajin sun amsa da cewa babu abin da ya hana a yi shi tsawon makonni a gidan mutum, da faya-fayan da ya saba da su, muddin bai san wacce aka jona ba. Shi kansa Holt, a wata hira da aka yi da shi a 2007, shekaru biyu kafin rasuwarsa, ya ɗora alhakin zubewar mutuncin harkar a kan ƙin yarda da gwajin rufe ido.

Bawul da transisto

Bawul wata kwalba ce ta gilashi mai kama da ƙwan fitila, wadda ita ce zuciyar rediyo da amfilifaya kafin a ƙirƙiro transisto a 1947. Tana zafi, tana cin wuta, tana kuma mutuwa bayan wasu dubban sa'o'i. Duk da haka har yau akwai masu rantsuwa da ita. Masana'antun da suka rage suna ƙera ta kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da China da Amurka, lamarin da ya sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren.

A nan bambancin na iya zama na gaske. Wasu amfilifayoyin bawul na ƙara wa kowane sauti wani amo da ya ninka shi sau biyu, wanda kunne ke jin daɗinsa, kuma yadda suke cuɗanya da lasifika kan ɗaga wasu sassan sautin ya sauke wasu. Duk wannan ana iya aunawa. Ma'ana ɗumin da ake yabo ƙari ne da na'urar ta yi a kan abin da aka naɗa. Babu laifi mutum ya so shi, amma fa ya saɓa wa burin da aka fara da shi na jin sauti yadda yake.

A 1985 injiniya Bob Carver ya ƙalubalanci editocin Stereophile da su zaɓi duk amfilifayar da suka ga dama, shi kuma zai sa tasa ta transisto, wadda ba ta kai dala dubu ɗaya ba, ta yi sauti irin nata. Suka zaɓi wata mai bawul ta kamfanin Conrad-Johnson mai tsadar dubban daloli. Carver ya yi ta gyara tasa yana cire siginar ɗaya daga ta ɗayar har abin da ya rage ya zama kusan shiru. Bayan sun saurara, editocin sun amsa cewa sun kasa bambancewa.

Wayoyi

Kasuwar wayoyin lasifika masu tsada ta bunƙasa ne bayan Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a 1979. A kimiyyance abin da ake buƙata shi ne kaurin jan ƙarfen ya dace da tsawon wayar, don kada ta riƙe wani ɓangare na wutar. Idan wannan ya samu, ba a sami wani ingantaccen gwajin rufe ido da ya nuna cewa azurfa ko wata saƙa ta musamman na sauya abin da kunne ke ji ba. A 2007 James Randi, wanda ya shahara wajen fallasa masu da'awar siddabaru, ya yi tayin dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wasu wayoyi masu dala 7,250 daga na gama-gari. An yi ta ja-in-ja a kan sharuɗɗa, gwajin bai yiwu ba.

Faifan garmaho da na CD

Wannan ce gardamar da ta fi kowacce zafi. Kamfanonin Sony da Philips suka fitar da CD a 1982. A maimakon zanen da allura ke bi, CD na auna sautin sau 44,100 a kowace sakan ta adana shi a matsayin lambobi. Masu suka kan ce an daddatsa sautin, an zubar da abin da ke tsakanin wannan awo da wancan. Lissafin da Harry Nyquist da Claude Shannon suka kafa ya nuna ba haka ba ne: idan yawan awon ya haura ninki biyu na sauti mafi tsini da ake son adanawa, za a iya dawo da shi cikakke. Kunnen matashi mai lafiya na jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a sakan, ita kuwa CD tana kaiwa 22,050.

Ta fuskar awo faifan garmaho bai kama ƙafar CD ba. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi a CD ta kai desibel 96, a faifai kuwa da wuya ta wuce 70. Sautin faifai na raguwa da kyau yayin da allura ke matsowa tsakiya, ƙura na sa shi ƙas-ƙas, kuma duk kunnawa na ɗan cin zanen.

To me ya sa mutane da dama ke cewa faifai ya fi daɗi, kuma ba ƙarya suke yi ba? Babban dalili na cikin gyaran ƙarshe da ake yi wa waƙa kafin a buga ta. Daga shekarun 1990 kamfanonin waƙa suka shiga gasar ƙara, kowa na son tasa ta fi ta wani tashi a rediyo. Hanyar yin haka ita ce a danne wuraren da sauti ya yi sama, a ɗaga waɗanda suka yi ƙasa, har komai ya zama daidai, kamar mai magana da ihu daga farkon zance zuwa ƙarshe. CD na iya ɗaukar wannan matsi fiye da faifai. Shi ya sa sau da yawa akan yi wa faifai gyara na daban mai sauƙin matsi. A 2008 dubban masoyan ƙungiyar Metallica suka sa hannu a takardar koke kan kundinta Death Magnetic, bayan sun gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na CD tsabta. Dukansu biyu na dijital ne, gyaran ne ya bambanta.

A 2022 wani al'amari ya girgiza masu ƙin dijital. Kamfanin Mobile Fidelity, wanda faya-fayansa masu tsada ake kafa hujja da su wajen nuna fifikon analog, ya amsa cewa tun 2011 yana fara juya sautin zuwa dijital kafin ya yanka da yawa daga cikin faya-fayan. Tsawon shekaru goma sha ɗaya masu sharhi na yabon su ba tare da wani kunne ya tona asirin ba. Maganar ta fito fili ne bayan wani mai shagon faya-fayai a birnin Phoenix ya tayar da ita a intanet. Kamfanin ya nemi afuwa, aka kuma sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a kan kimanin dala miliyan 25.

Wannan bai rage wa faifai kasuwa ba. A 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce gaba a yawa tun 1987. Babban bango mai hoto, da ɗora allura da hannu, da zama a saurari gefe guda har ƙarshe, duk suna cikin abin da ake biya.

Fiye da CD

Akwai kuma masu ganin CD ɗin ma ta yi kaɗan. An fitar da SACD a 1999, sai kuma fayiloli masu awo 96,000 ko 192,000 a sakan. A 2007 Brad Meyer da David Moran na birnin Boston suka wallafa gwajin da suka yi sau 554, inda suke rage irin wannan sauti zuwa matakin CD ba tare da mai sauraro ya sani ba. An dace sau 276, wato ƙasa da rabi da kaɗan. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara nazarce-nazarce 18, ya sami kashi 52.3 cikin ɗari, adadin da ya ƙaru ga waɗanda aka horar. Kowane ɓangare ya ɗauki wannan a matsayin nasara.

Inda bambancin yake

Idan aka zo kan lasifika, gardamar ko akwai bambanci ba ta taso ba, domin ko da ido rufe ana ji. Lasifika ce ke motsa iska, kuma jirkitawar da take yi wa sauti ta ninka ta amfilifaya mai kyau sau da yawa.

Floyd Toole ya shafe shekaru yana bincike a kan wannan, da farko a cibiyar bincike ta gwamnatin Kanada da ke Ottawa, daga baya a kamfanin Harman. A 1994 shi da Sean Olive suka sa ma'aikatan kamfanin 40 su ba wasu lasifiku maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ana gani, manya masu ƙyalli da tsada suka yi nisa. Da aka saki labule tazarar ta ragu ƙwarai. Wani abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a bayan labule sauya wurin da aka ajiye lasifika ya sauya makin sosai, amma da ana gani kusan ba wanda ya lura. Ƙwararru ma ba su tsira daga ruɗin ido ba.

Binciken nasu ya kuma nuna cewa idan aka rufe ido, akasarin mutane, ƙwararru da waɗanda ba ƙwararru ba, abu guda suke fifitawa: lasifikar da ba ta ɗaga wani sashen sauti a kan wani, wadda kuma sautin da take watsawa gefe ya yi kama da wanda take turowa gaba. Wannan ana iya hango shi daga awo tun kafin a kunna. A nan kunne da na'urar awo suka yi ittifaƙi. Girma ma ba shi ne ba: ƙaramar lasifikar LS3/5A da injiniyoyin BBC suka tsara a tsakiyar shekarun 1970 don motocin watsa shirye-shirye, har yau ana ƙera ta kuma mayun sauti na rububinta saboda yadda take fitar da muryar mutum.

Sai kuma ɗakin kansa, wanda ba a cika tallarsa ba tun da ba a shago ake sayo shi ba. Yawancin abin da ke isa kunne ya riga ya bugi bango ko ƙasa ko silin. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 zai riƙa kumbura sautin da ke kaɗawa sau 43 a sakan da ninke-ninkensa. A kujera ɗaya kaurin zai yi yawa, a matsa taku biyu ya ɓace. Irin wannan hawa da sauka kan wuce desibel 10, alhali abin da ake jayayya a kansa tsakanin wayoyi bai kai ɗaya bisa goma na desibel ba. Ɗaki mai tayil da bangon siminti tsirara na sa kalmomi su hau kan juna, kamar yadda duk wanda ya saurari karatu a babban masallaci marar shimfiɗa ya sani. Darduma mai kauri, da labule, da kantar littattafai, da janye lasifika daga kusurwa a ɗaga ta daidai kunnen mai zama, suna sauya sauti fiye da sauya amfilifaya.

Alkaluman kwali da lafiyar kunne

Mai sayen kayan sauti na gama-gari a Kano ko Yamai ko Akara zai ci karo da wani ruɗin na daban: kwali mai rubutun wat dubu biyar ko dubu goma tare da haruffan PMPO. Wannan adadi ba shi da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita. Wanda ake dogara da shi shi ne ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba tsayawa, wanda akan rubuta da RMS. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a tallata ƙarfin amfilifaya saboda irin wannan zuƙi ta malle. Hanya mai sauƙi ita ce a duba bayan na'urar a ga wutar da take ja daga soket, domin ba za ta ci gaba da fitar da fiye da abin da ta ci ba.

Shi kuma kunnen da ake kafa hujja da shi yana tsufa. Jin sauti mai tsini na fara raguwa tun daga ƙuruciya, kuma mutum mai shekaru hamsin da wuya ya ji abin da ya haura kaɗawa 15,000 a sakan, alhali a irin waɗannan shekarun ne galibi aljihu ke iya ɗaukar manyan kayan. Ƙara mai yawa na gaggauta lalacewar, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage wannan lokaci da rabi.